Motar Baba ta ƙi tashi da asuba a Ngaundare

Mai Zuma, Garwa:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Shawara nake nema, don abin ya fara cin jarina. Motar da na gada wajen mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, Marsandi 307D ƙirar 1984, irin mai ɗaki a baya da gado da murhu da ɗan firiji. Wajen wani Bajamushe ya saye ta, cikin waɗanda ke ratso Sahara a da su zo kallon giwaye a Waza, in sun gama su sayar da motar su koma gida ta jirgi. Da ita nake fataucin zuma tsakanin Garwa da Ngaundare da Maiganga, a cikinta nake kwana.

A Garwa ba ta taɓa ba ni kunya ba, makulli ɗaya ta tashi. Amma tun da sanyin bana ya shigo, duk ranar da na kwana a Ngaundare sai ta ƙi. Bayan sallar asuba in murɗa, in murɗa, inji na juyawa amma ba ya kamawa, har batir ya fara nishi. Sai hantsi ya dubi ludayi sannan ta yarda. Kafin nan masu zuma sun sayar wa wasu. Wani mai gyara a nan ya ce batir ne, na sayi sabo, ba abin da ya canza. Yanzu ya ce sai an sauke famfon gazwal, wato man dizal, an kai gyara, kuɗin da ya faɗa kuwa ya kusa rabin jarina. Yanzu haka ina Ngaundare. Me kuka gani?

Direban Kusuri:
Wa'alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan uwa, Ngaundare ba ta rasa gangare ba. Ka riƙa kwana a kan tudu, da safe ka sake ta ka saka giya biyu. Shekara nawa muka yi muna haka.

Ɗan Mubi:
Ka jiƙa tsumma da fetur ka kara a bakin inda take shan iska, wani ya murɗa maka makulli. Wallahi ko gawa ce sai ta tashi.

Baba Makaniki, Garwa:
Ɗana na Mubi, ka janye wannan maganar. Mai Zuma, kada ka kuskura, kuma kada ka bari a taɓa famfon nan tukuna. Na san motar, na san mahaifinka, sau da yawa na kwanta a ƙarƙashinta. Injin da ke ciki OM616 ne, silinda huɗu, lita 2.4. Irinsa ba kai tsaye yake fesa gazwal a kan fistin ba, akwai wani ɗan ɗaki a cikin kan inji da ake fara ƙona man, a nan bujin ɗumama yake. Ka tura masa fetur alhali buji ya yi ja, wuta za ta tashi kafin fistin ya iso sama. Na ga zoben fistin da ya karye ta haka, na ga ɗan ɗakin da ya tsage.

Kafin komai ka amsa mini abu uku. In kana murɗawa, hayaƙi na fita ta salansa ko babu? In yana fita, wane launi? Na biyu, inji na juyawa da sauri ne ko yana jan ƙafa? Na uku, in ta tashi, lafiya lau take tafiya ko sai ta yi ta kakkarwa?

Ɗan Mubi:
Na janye, Baba. Amma mu a nan mun sha yi wa tirela.

Baba Makaniki, Garwa:
Manyan motocin da kake faɗa galibinsu kai tsaye suke fesawa, ba su da buji mai zafi a ciki. Su ma ɗin ba alheri ake yi musu ba.

Mai Zuma, Garwa:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ban san kana cikin zauren nan ba, wallahi sai da hankalina ya kwanta. Da farko ba hayaƙi sam, sai na murɗa sau biyu ko uku sannan farin hayaƙi ya fara fita, mai warin ɗanyen gazwal, har yana sa ido hawaye. Juyawa kuwa da farko da ƙarfinsa, daga baya yake sanyi. In ta tashi sai ta yi ta rawa kamar mai zazzaɓi na minti guda, sannan ta daidaita.

Goni na Njamena:
Gazwal ne ke daskarewa. Mu masu zuwa Faya mun san wannan. Da daddare a hamada sanyi har ƙashi. Garwashi muke zubawa a faranti mu tura ƙarƙashin inji, kafin a gama shan shayi ya ɗumama.

Hajiya mai Hiace, Marwa:
Subhanallahi. Goni, motar da ke da kwalbar gas ta girki a ciki da katifa da jarkokin roba za ka ce a tura wa garwashi? Kuma yaron nan a ciki yake kwana. Ɗana, ko da wasa.

Goni na Njamena:
Gaskiyarki Hajiya, na manta da kwalbar. Amma maganar daskarewa ina kan bakana.

Ɗalibin Dang:
Malam Goni, da izini. Ni a Ngaundare nake karatu. Sanyinmu na asuba a watan Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa kaɗan. Gazwal ba ya yin kauri har ya toshe filta sai sanyi ya kusa sifiri. A duwatsun Tibesti wannan na faruwa, a nan kuwa da wuya. Abin da ya raba mu da Garwa biyu ne: sanyin dare, da kuma tsawo. Muna sama da mita 1,100, Garwa kuwa a kwarin Binuwai take, wajen mita 200. Iskar da inji ke shaƙa a nan ta fi ta can rauni da kusan kashi ɗaya cikin goma.

Baba Makaniki, Garwa:
Madalla da ɗalibi. To ku saurara, amsar da Mai Zuma ya bayar ta faɗi kusan komai.

Injin gazwal ba shi da tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da in an fesa mai zai kama da kansa. Wannan injin sau 21 yake matse iskar. Da asuba ƙarfen ya kwana cikin sanyi, yana shanye zafin kafin mai ya iso, shi ya sa aka sa masa buji ya taimaka. A Garwa ƙarfe ba ya yin sanyi irin wannan, ko bujinka duk sun mutu inji zai rufa maka asiri. Ka hau dutsen nan na bayan Mbe ka kwana a sama, sai asirin ya tonu. Cutar ta daɗe, Ngaundare ce ta nuna ta.

Farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai yana nufin mai na isowa amma bai sami zafin da zai kama ba. Wato famfo na aikinsa. Mutumin da ya ce a sauke famfo ko salansa bai duba ba. Rawar minti guda kuma tana nufin wasu silinda sun kama, wasu suna bin baya. Wannan buji ne, ko matsi ya ragu.

Amma ka ce da farko ba hayaƙi sam. Wannan wata cuta ce daban. Mai na zamewa ya koma tanki da daddare, iska ta maye gurbinsa. Murɗawarka ta farko da ta biyu duk jawo mai suke yi. Kafin ya iso, ɗan zafin bujin ya tafi, batir kuma ya gaji. Ina zaton ɓarayi biyu ne suka haɗu a gidanka.

Direban Kusuri:
Baba, to ai turawa a gangare na maganin duka biyun.

Baba Makaniki, Garwa:
Tana yi, ban musa ba, don taya na juya inji da saurin da ya fi na dimarar, wato sitatar da ke juya inji in an murɗa makulli. Amma ranar da ya kwana a filin kasuwar ƙauye, ba gangare, ga zuma cike da mota, wa zai tura masa tan uku? Kuma ka tuna birkin motar daga famfon zuƙar iska da inji ke juyawa yake samun ƙarfi. Inji a mace, mota na gangarawa da kaya, ƙafarka kaɗai ke riƙe ta.

Hajiya mai Hiace, Marwa:
Ni abin da zan ƙara, wane baƙin mai kake zubawa? Direbobina sun taɓa cika mini mota da mai lamba 50 na gwangwani wai ya fi jure zafin Marwa. Da suka kwana a Mokolo cikin hunturu da ƙyar inji ke juyawa. Tun daga nan 15W-40 kawai nake saye, da hannuna.

Mai Zuma, Garwa:
Lamba 40 zalla nake zubawa, Hajiya, yadda marigayi Baba yake yi.

Baba Makaniki, Garwa:
Ba zai hana ta tashi ba, amma yana ƙara wa dimarar nauyi. In lokacin juye ya yi ka bi maganar Hajiya. Yanzu ga abin da za ka yi gobe da asuba, ba sai ka kashe ko dala ba. Ka ɗaga murfin inji na cikin mota, na tsakanin kujeru. A jikin famfon gazwal daga ƙasa akwai ɗan famfon hannu, in na asali ne kansa fari ne, sai ka warware shi kafin ya ja. Kafin ka taɓa makulli ka buga shi kana ƙirgawa, har ka ji ya yi nauyi. Ka duba ƙaramar filtar roba da ke kusa da shi, da tiyon nan mai haske da ke zuwa babbar filta, ko akwai kumfa. Ka dubi hannunka kuma, in ya jiƙe da gazwal ka gaya mini.

Ɗalibin Dang:
Yaya Mai Zuma, ina da na'urar awon wuta. In ka faɗa mini unguwar ta saƙon sirri, zan hau mashin in zo mu yi asuba tare.

Ɗan Mubi:
Buji da kuke ta faɗa, shi ne hita a wajenmu ko? Don mu fulogi na motar fetur ne.

Baba Makaniki, Garwa:
Shi ne. Ɗalibi, Allah ya yi maka albarka. Ka fara auna batir yau da dare in za ka iya, ka sake aunawa da asuba kafin a murɗa. Cikakke 12.6 yake nunawa. In ana murɗawa kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Sannan ka cire filogin da ke zuwa buji daga akwatin rile, wato makunnin da ke ba su wuta, ka auna kowanne da jikin inji. Mai rai bai cika wuce om ɗaya ba, matacce ba ya nuna komai. A cikin akwatin akwai fis kamar ɗan falle na ƙarfe, ka kwance shi ka riƙe a hannu, don yakan tsage siriri kamar gashi, a ido ka ce lafiya lau.

Ku gode wa Allah tasa ta 1984 ce. Marsandin kafin 1980 bujinsu a jere suke kamar carbi, ɗaya ya tsinke duk sun mutu. Wannan kowanne da wayarsa.

Mai Zuma, Garwa:
Ina kwananku. Ga abin da muka gani, ni da ƙanena ɗalibi, Allah ya saka masa. Tun kafin kiran sallah ya iso cikin sanyin nan, hannunsa har ya ƙage. Famfon hannu sai da na buga sau talatin da wani abu kafin ya yi nauyi, gazwal kuma na tsiyayowa ta wuyansa har gwiwar hannuna. Tiyon mai haske cike da kumfa, muna kallonsu da tocila suna tafiya a jere kamar tururuwa. Ƙananan tiyon da ke tsakanin injekta, masu rigar zare, ɗaya ya jiƙe, da na taɓa shi sai ya tsage a hannuna. Buji biyu sun mutu, na ɗaya da na uku. Fis lafiya.

Ɗalibin Dang:
Akwai na uku, Baba. Da dare batir 12.7, da asuba 12.1. Sabon batir bai kamata ya yi haka ba. Na bi waya sai na ga an jona firiji da fitilun ɗaki da wurin cajin waya kai tsaye a batirin inji. Batiri na biyu da ke ƙarƙashin gado ya daɗe da mutuwa, wani ya tsallake shi ya haɗa wayoyin.

Mai Zuma, Garwa:
Bara ne, da batirin ɗaki ya mutu wani mai wayarin ya ce ba sai na sayi wani ba, zai haɗa mini. Ban san abin da ya yi ba ke nan.

Baba Makaniki, Garwa:
To ɓarayin uku ne ashe. Bajamushen nan bai sa batir biyu don ado ba. Na ɗaki shi ake ci da daddare, na inji ba a taɓa shi, akwai rile a tsakaninsu da ke haɗa su sai inji na tafiya kawai. 12.1 kusan rabin batir ya tafi. Buji huɗu da farko suna jan wuta mai yawa, ga dimarar a bayansu. Tsohon batirinka ma wataƙila lafiyarsa ƙalau, firiji ne ya cinye shi. Yau ka cire wayar firijin kafin ka kwanta. Zuma ba ta neman sanyi.

Goni na Njamena:
Na yarda ba daskarewa ba ce. Amma a duba man da yake sha. In na bakin hanya yake saye daga durom, ruwa na kwanciya a ƙasan tanki.

Mai Zuma, Garwa:
A Garwa a gidan mai nake sha. In na shiga daji kuwa wani lokaci dole sai zuwa-zuwa, man bakin hanya.

Hajiya mai Hiace, Marwa:
Tun da gazwal ya kai sefa 828 a 2024 kowa ke leƙa na jarka, ban ga laifinka ba. Amma ka tace da ƙyalle mai tsabta, kuma kada ka yarda a juye maka ƙarshen durom.

Direban Kusuri:
Buji biyu kawai zai canza ko duka? Abin akwai tsada fa.

Ɗan Mubi:
Biyu mana. Mai rai me ya yi?

Baba Makaniki, Garwa:
Duka huɗu in da hali. Tare suka tsufa, sauran biyun suna hanya. Gara ka sayi na kirki, Bosch ko Beru, na jabu kansa yakan kumbura a ciki ya ƙi fita. In kuɗin biyu ne da kai, na kirki biyu sun fi na jabu huɗu.

Wajen cirewa ne nake so ka nutsu, Mai Zuma, don a nan ake kuka. Kada a kwance su inji na sanyi. Ka tada motar ta yi zafi, ka ɗiga musu ruwan kwance tsatsa ko ɗan gazwal, ka bari ya shiga. Ƙaramin noti na waya lamba 8 ne, bujin kansa 12. A hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. In ya ƙi, a bar shi ya sha mai ya kwana. Wanda ya sa ƙarfi ya karya shi a ciki, sai an sauke kan inji, a lokacin kuɗin famfon da kake gudu zai zama wasa. In ya fita za ka ga ramin cike da baƙin gawayi, a share shi kafin a saka sabo, in ba haka ba gawayin ya rungume sabon ya ƙone shi da wuri.

Famfon hannu ka sayi baƙin nan na Bosch da ake dannawa, ba ya yoyo irin farin. Tiyon injekta mita ɗaya ya ishe ka har da saura, kada ka manta da ɗan murfin da ke toshe na ƙarshe.

Ɗalibin Dang:
Baba, in an yi duk wannan ta ci gaba da farin hayaƙi fa?

Baba Makaniki, Garwa:
Sai mu koma kan matsi. Kuma tun yanzu ina da zargi. Mai Zuma, yaushe rabon da a saita bawul?

Mai Zuma, Garwa:
Tun Baba na da rai. Shekara shida ke nan.

Baba Makaniki, Garwa:
Innalillahi. Wannan injin ba ya saita kansa, da hannu ake yi, kowane kilomita dubu 20 ko kusa da haka. Kuma nasa ba sakewa suke yi ba, matsewa suke yi, shi ya sa ba ka jin ƙara balle ka farga. In sun matse bawul ba ya rufuwa ruf, matsi na zurarewa. Na shiga 0.10, na fita 0.30, inji a sanyaye. Na ga motocin da aka yanke wa hukuncin sauke inji, saitin bawul na awa ɗaya ya tashe su. Sai an yi wannan sannan awon matsi ke da ma'ana. Lafiyayye yana wuce bar 20, kuma kada tazarar silinda da 'yar uwarta ta wuce 3.

Direban Kusuri:
Ni dai da tawa ce da na sayar na sayi Hiace. Shekara arba'in fa.

Mai Zuma, Garwa:
Yaya, an sha taya ta. A gadon nan na baya na kwanta ina yaro, Baba na tuƙi, muka je Rumsiki. Carbinsa na nan rataye a madubi inda ya bar shi. Ba zan iya ba.

Hajiya mai Hiace, Marwa:
Kada ka sayar, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifa.

Mai Zuma, Garwa:
Salamu alaikum. Kwana uku ban leƙo ba, ina neman kaya. Buji uku na kirki na samu a nan, na huɗun na bar tsohon mai rai. Na uku ya ba mu wuya, sai da ya kwana yana shan mai kamar yadda Baba ya ce, da safe ya fito da kansa a kumbure. Famfon hannu baƙi na sa, tiyo sababbi, firiji a cire. Jiya a Maiganga na kwana, sanyin can har ya fi na Ngaundare, raɓa ta rufe gilashi. Na kunna, na jira fitilar buji ta mutu, na ƙara ƙirga goma, na murɗa. Kafin in saki makulli ta kama. Na zauna riƙe da sitiyari na kasa cewa komai. Jarka goma sha biyu na saya kafin ƙarfe takwas.

Amma har yanzu tana ɗan farin hayaƙi da rawa kaɗan, kamar daƙiƙa ashirin.

Ɗan Mubi:
Alhamdulillahi! Barka.

Goni na Njamena:
Barka da arziki. Ka ajiye mini lita biyar in kana zuwa Kusuri.

Baba Makaniki, Garwa:
Alhamdulillahi. Sauran rawar bawul ne. Sifanun nan lanƙwasassu masu lamba 14 suna nan a akwatina, da su na saita wa mahaifinka na ƙarshe. Yaushe za ka sauko?

Mai Zuma, Garwa:
Ranar Alhamis in sha Allahu, in na biya ta Dang na sauke wa ƙanena zumarsa.

Baba Makaniki, Garwa:
To ka kawo ta ƙofar gidana da yamma ta kwana a nan, don a sanyaye nake son ta. Ka zo da sabuwar robar murfin bawul, da filtar iska, na san ƙurar hunturu ta cika waccan. Bayan asuba mu fara, kuma kai za ka riƙe sifana, ni ina nuna maka.